Burodin da Ya Yi Gumi

Ana tsakiyar ciniki abin ya fashe, babban kantin ya cika ya batse, kowa na tura kwandonsa. Wata mata ce ta shigo kamar an jefo ta, goyo a baya, ta wuce kantar sabulu, ta wuce ta madara, ba ta zame ko'ina ba sai sashen burodi. Ta ɗaga wata yagaggiyar leda ta maka a kan tebur.

"Wa ke gasa wannan abin? A fito min da shi in ga idonsa!"

Ɓawon burodin lafiya lau, ja-ja gwanin sha'awa. Amma da ta ɓara shi biyu, sai ga ciki kore-kore, fumfuna ta yi gida har ta tara iyali. A jikin ledar kuwa ga hatimi ɓaro-ɓaro yana cewa jiya aka gasa. Ta ce babban ɗanta ya ci gefe guda kafin a lura, tun safe yake amai.

Kun san halin mutane. Kafin ta rufe baki wani ya tuna shi ma ya taɓa jin tsami a nasa, wata ta ce dama ita ta daɗe tana zargi. Waɗanda jiya-jiya suke layi suna matsa leda da yatsa suna cewa "kai, da ɗuminsa!" su ne yau ke toshe hanci. Duk ido ya koma kan ƙofar ɗakin gashi, inda Uwar Tanderu ke tsaye, fulawa har gwiwar hannu.

Dattijuwa ce, ita ta kunna tanderun kantin ranar da aka buɗe shi. Hatimin kwanan wata kuma a aljihun rigar aikinta yake kwana yake tashi, kowa ya san haka. Manaja ya sa aka kwashe burodin kanta kaf aka zubar, ya rufe sashen, ya ce mata cikin ladabi ta je gida ta huta tukuna. Masu duba-gari za su zo farkon mako, kuma suna za su nema. In ba a sami wani ba, nata za a bayar.

*

A filin ajiye motoci akwai wani tsoho mai gadi da ake kira Mai Sawu. Da ƙuruciyarsa in aka kore wa mutum shanu ko awaki, shi ake ɗaukowa, ya durƙusa ya dubi ƙasa ya ce nan suka bi, ɗaya ma tana ɗingishi. Gwiwa ce ta gaza, ya dawo gari yana nuna wa masu mota inda za su tsaya.

Manaja ya fito da kansa ya same shi.

"Baba, na san Uwar Tanderu matar yayanka ce, shi ya sa na ji nauyin zuwa. Amma ni ma raina bai kwanta ba. Ka duba min. Abin da ka gano, ko a kan wa ya faɗa, ka faɗa min shi."

"Ko a kan wa?"

"Ko a kaina ne."

Mai Sawu ya ce to. Da ya san inda sawun zai kai shi, Allah kaɗai ya san ko zai amsa da wannan saurin.

Su uku ne a wurin ubansu. Babban ya rasu da daɗewa, ya bar Uwar Tanderu. Mai Sawu ne na tsakiya. Sai Auta, wanda uwarsu ta rasu ta bari yana rarrafe, matar yayan ta ɗauke shi ta goya, ta yi masa wanka, ta kai shi makaranta da kuɗin gashinta. Shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Inna. Ita ce kuma ta roƙa masa aiki a kantin, har ya zama mai kula da sashen burodi, mai riga da aljihun biro.

Mai Sawu ya same ta a bayan ɗakin gashi tana haɗa 'yan komatsanta a ɗankwali. Ta ƙulla ya warware, ta sake ya warware.

"Kawo nan, matar Yaya. Kin iya juya buhun fulawa, ƙullin tsumma ya gagare ki."

Ya karɓa, ya naɗa sau biyu, ya cusa bakin ya bar shi a tsaye kamar kunne. Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Kunnen zomonku na gado. Yayanka ya yi ya yi ya koya min har ya koma ga Allah, yatsuna suka ƙi."

"Ai sai jinin gidanmu. Ke kuwa aro muka yi."

"Ka ci gidanku, ƙanin miji."

Ya zauna a kan bokiti. "Faɗa min yadda kike yi, daga tanderu zuwa kanta."

"Yadda na saba. In na sauke, sai ya sha iska a kan waya ya huce sarai. Ban taɓa sa burodi mai zafi a leda ba. Zai yi gumi, gumin nan shi ke kiran fumfuna. Yaran nan har haushina suke ji, wai masu saye sun fi son mai ɗumi. Na ce su so. In ya huce in buga hatimi, Doguwa mai taya ni aiki ta zuba a leda ta ɗaure da jan zare."

"Wanda ya kwana fa?"

"A yage ledarsa a juye a buhu, a tura wa Mai Kifi a baro, ya ba kifayen da yake kiwo."

"Hatimin, wa ke taɓa shi bayan ke?"

"Ba kowa."

"Ki tuna dai."

"Na ce maka ba kowa. Ko bayi zan shiga da shi nake shiga."

*

Auta ya tarbi Mai Sawu a bakin sashen, ido jajur, ya jawo masa kujera.

"Yaya, tun da abin nan ya faru ko ruwa ban iya haɗiya ba. Inna fa! A gaban mutane!"

"Kai wa kake zato?"

Auta ya waiga, ya rage murya. "Doguwa ta daɗe tana hangen tanderun nan. Kwanaki har cacar baki suka yi. Sannan Mai Kifin nan, wa ya san ko kifi yake ba wa, ko dawo da shi yake ta bayan gida?" Ya murza goshi. "Amma Yaya, tsakanina da kai, Inna ta manyanta. Ranar nan gishiri ta manta a kwaɓi. Ƙila ta haɗa na jiya da na yau ba ta sani ba. In hutun ne ya zo, mu lallaɓa ta ta karɓa, kada a tsananta bincike a ƙara tona mata asiri."

Maganar ta yi wa Mai Sawu wani iri, kamar tsakuwa a cikin takalmi. Amma ya ce a ransa tausayi ne, yaro yana jin uwarsa.

*

Doguwa na zaune a kan tebur tana kaɗa ƙafa, ba aiki. Da ta gan shi ta miƙo hannuwa biyu.

"Baba Mai Sawu, ga ni, sa min ankwa. Na ji an ce ni ce."

"Wa ya ce?"

"Bango ya ce. E, mun yi faɗa da ita, kuma gobe ma in ta dawo sai mun yi. Mace ce mai taurin kai kamar ƙusa. Amma in sa wa yaran mutane ruɓaɓɓen abu? Ni ma fa uwa ce."

"Ba ki taɓa ganin wani abu da ya ɗaure miki kai ba?"

Ta daina kaɗa ƙafar. "Akwai. In mun dawo daga hutun rana, nakan ga ledoji a gaban kanta sun yi raɓa daga ciki, ka taɓa ka ji ɗumi. Su ake fara wawashewa. Na ɗauka tsohuwar ce ta sauko daga kan dokinta a ɓoye, tana zubawa da zafi don kada in yi mata dariya. Na yi shiru ina jiran ranar da zan kama ta."

"Ba ke kika ɗaure su ba?"

"Ni da nake can ina cin abinci? Hannu nawa gare ni?"

Ya sa ta ɗaure leda guda ya gani. Ta yi mata ƙulli a kan ƙulli, irin wanda sai da haƙori.

*

Mai Kifi ya zo da kekensa kamar kullum, ya tarar ba buhu a bakin lungu. Gajere ne mai tumbi, yana ƙarnin tafki.

"Ni in dawo da burodi? Malam, je ka dubi kifayena, sun zama kamar allura! A da, buhu nake samu har in kasa ɗagawa. 'Yan watannin nan kuwa, abin da ake ajiye min ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba. Na yi ƙorafi, aka ce wai ciniki ne ya buɗe, ba ya kwana."

"Wa ya ce maka?"

"Ƙaninka mana, shi da ke da sashen. Har yana min albishir wai saboda hakan za a ba shi sabon reshen da za a buɗe."

"Wa ke turo baron?"

"Oho. Ni dai a jingine nake tarar da buhun, lokacin duk sun tafi hutu."

Mai Sawu ya sallame shi, ya tsaya shi kaɗai a lungun. Nan ne ruwan wankin gwangwanayen gashi ke malala, kullum ƙasar a jiƙe. Amma tun da aka rufe sashen ba a yi wanki ba, rana ta gasa laka ta bushe ƙamas, duk abin da ya taka ta ya zauna daram. Tsoho ya dafa bango, ya durƙusa, gwiwa na ƙara.

Sawun takalmi bai gaya masa komai ba, don duk ma'aikatan farin takalmin roba iri ɗaya suke sawa. Tayar baro ce ta yi magana. Daga ƙofar baya zuwa bakin lungu ta nutse sosai, mai turawa yana dogara da yatsun ƙafa, taku gajere-gajere, alamar kaya. To a bakin lungu, inda ake sauke buhu, ya kamata ta juyo sakayau, da ƙyar ta taɓa ƙasa. Ba ta juyo ba. Kwana ta yi ta bi bayan gini, nutsewarta kusan yadda take.

Ya bi ta a sunkuye, ta kai shi har ƙofar wani tsohon sito na kwano inda ake tara buhunan da ba kowa a ciki. Makullin na rataye a ƙusa, kowa na iya ɗauka.

Yana buɗewa zafi ya daki fuskarsa kamar an buɗe tanderu. Rana tsaka ce, kwano ya ɗau wuta. A kan wani benci ga ɓurɓushin burodi, ga ƙullin jan zare, ga gorar ruwa an huhhuda murfinta da ƙusa. Bai buƙaci a yi masa bayani ba. A yayyafa wa burodin shekaranjiya ruwa, a zura shi a sabuwar leda mai hatimin yau, a bar shi a wannan zafin ya yi laushi ya ɗau ɗumi, a kai gaban kanta. Mai saye ya matsa da yatsa ya ce yanzu aka sauke.

Ya sa sandarsa yana ɗaga buhuna. A can ƙarƙashin benci, jikin bango, wata leda ta faɗa ba a gani ba. Ya jawo ta. Burodin ciki ya zama kore fatau, hatimi na nan a jiki, bakinta a ɗaure.

Ya dubi ɗaurin. Naɗi biyu, baki a cushe, kunne a tsaye.

Ya zauna a kan bencin nan cikin zafi, gumi na zuba, bai ji ba. Ubansu ya koya musu shi suna yara, wajen ɗaure bakin buhu da ƙafar akuya, don ya riƙe gam amma a ja shi sau ɗaya ya warware. Mutum uku suka iya shi. Ɗaya na kabari, ɗaya ga shi zaune. Mai sauri, wanda ke tsoron kada a dawo daga hutu a same shi, ba ya tsayawa tunanin ƙulli, abin da hannu ya saba shi yake yi.

Ba ledar ce ta fi ci masa rai ba. Muryar nan ce ƙasa-ƙasa: Inna ta manyanta.

*

Ya roƙi Manaja ya tara su a ɗakin gashi, aka aika aka ɗauko Uwar Tanderu daga gida. Tanderu a kashe, ɗakin ya yi sanyi kamar ba shi ba. Doguwa ta harɗe hannu, Mai Kifi ya tsaya a bakin ƙofa yana riƙe da hularsa. Auta ya yi maza ya goge kujera ya ce, "Inna, zauna nan."

Mai Sawu ya faɗi abin da laka ta nuna masa, da abin da ya tarar a sito. Bai ɗaga murya ba, bai kalli kowa ba.

"Subhanallahi," in ji Auta. "To ai sai a nemo wanda ke shiga siton."

"Shi muke nema. Matar Yaya, na tambaye ki wa ke taɓa hatimi kika ce ba kowa. In kin tafi hutun rana, da rigar aikin kike tafiya?"

"A'a, fulawa gare ta. Nakan ba Auta ya rataye min a ofishinsa."

"To ai na ce wa ke taɓawa."

"Ka ce wa. Auta ai ba wani ba ne."

Mai Sawu ya zaro ledar daga cikin rigarsa ya ajiye a gabanta. Ba fumfunar ta kalla ba. Ta daɗe tana kallon bakin ledar, sannan ta miƙa yatsu biyu ta kama kunnen ta ja. Zaren ya zame sulluɓ, ya faɗi a kan tebur.

Ta ɗago ta dubi Auta. Shi kuwa ya kafa wa ƙasa ido.

"Ni ce," ta ce. "Manaja, ni ce. Tsufa ne. A rubuta sunana a sallami yaran nan."

Mai Sawu ya jira. Wallahi ya jira, yana roƙo a zuciyarsa yaron ya buɗe baki, ko da kalma ɗaya ce, ya ce Inna bari. Da ya yi haka, da akwai sauran abin da za a tsinta. Auta ya gyara biron aljihunsa, ya ce:

"To... tunda ta faɗa da bakinta, ranka ya daɗe, a yi mata sassauci."

Doguwa ta dafe ƙirji. "La'ilaha!"

Mai Sawu ya ɗauki zaren ya sa a tafin Uwar Tanderu, ya tura mata sabuwar leda.

"Tunda ke ce, ɗaura mu gani."

"Kada ka yi min haka, ƙanin miji."

"Ɗaura, matar Yaya."

Ta naɗa, ya zame. Ta sake naɗawa, ta cusa, ya warware ya faɗi. Ta kifa kai a kan teburin da ta yi shekaru tana murza kwaɓi, kafaɗunta na rawa.

Sai a sannan Auta ya sami baki. "Ba don in cuce ta na yi ba! Kullum ana cewa sashenmu ya fi kowa zubar da kaya. Burodin nan fa lafiyarsa ƙalau, kwana ɗaya ne biyu ne. Reshen nan in na samu, ai ita zan hutar, ta daina tsayuwa gaban wuta. Yaya, kai ma ka san..."

"Na san ta goya ka," in ji Mai Sawu. "Bayanta har yau da tabon ƙurjin da ka shafa mata."

Manaja ya numfasa. "Maganar zubar da kaya ni na yi ta matsa muku, wannan kasona ne, kuma zan faɗa wa masu duba-gari da bakina. Amma sunan da zan ba su naka ne. Ajiye makullan ofis." Ya juya. "Mama, tanderunki na jiranki, in kin yafe mana."

Auta ya ajiye makullai. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Inna." Ba ta ɗago ba. Mai Kifi ya matsa masa ya wuce.

*

Aka sake buɗe sashen bayan masu duba-gari sun zo sun tafi. Matar nan mai goyo ma ta dawo, ɗanta ya warware, ta matsa leda ta ji ba ɗumi, Doguwa ta ce mata, "Haka na gaskiya yake, Hajiya, in kin ji ɗumi ki gudu."

Mai Sawu ya leƙa ɗakin gashi da hantsi, ƙamshi ya cika ko'ina. Tun Auta na ɗan makaranta, duk ranar duniya in za ta yi gashin farko sai ta gutsiri kwaɓi ta mulmula masa ɗan ƙaramin burodi nasa shi kaɗai, ta sa a gefen tire. Yau ma ga shi nan a kan waya, ya huce, ja-ja, ba wanda ya taɓa.

Ta ga inda idonsa ya tsaya.

"Hannu ne," ta ce. "Ban san na yi ba sai da na sauke."

"Ki ba ni mana. Ni ma ai ƙanin miji ne."

Ta ɗauke shi, ta juya shi a tafinta. Ta girgiza kai.

"Ba naka ba ne."

Ta taka zuwa ƙofar baya, inda baro ke jingine da buhun Mai Kifi, ta buɗe bakin buhun ta saka shi a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ta tsaya riƙe da igiyar.

"Zo ka ɗaure min," ta ce. "Amma ka yi irin ƙullin kowa."